Ranar da Galih Ya Hau Injin Wanki

Cikin duk samarin Indonesiya da suka sauka Leiden da sunan karatu, ba a taɓa yin mai cika baki irin Galih Prakoso ba. Wata biyar kacal da barinsa Semarang, amma in ka ba shi kunne minti goma sai ka ɗauka shi ya shata iyakokin Turai da hannunsa. Ƙasa goma sha ɗaya ya taka, in ji shi. Abin da ba ya faɗa shi ne, bakwai daga ciki a bas mai araha ya ratsa su yana barci baki buɗe, in an tsaya shan mai ya sauko ya ɗauki hoto kusa da allon hanya ya koma. Belgium sau biyu ta shiga lissafi, don ya bi ta da zuwa ya bi ta da dawowa. Hotunan kuwa ba sa hucewa yake tura su gida, mahaifiyarsa ta yi ta zagaya maƙwabta da waya a hannu tana nuna musu ɗanta da ya gama da Turai.

Wanda ya gama da Turan nan ko ɗakin kansa ba shi da shi. A wani siririn gida mai hawa huɗu da ke bakin ruwa yake raɓe, a can sama inda ɗalibai ke zama. Mai ɗakin ta tashi, aka ba shi gwajin wata biyu, kuma kamar kowane gidan ɗalibai a garin, 'yan gida ne za su yi ƙuri'a su ce ya zauna ko ya tattara. Su biyu ne: Fenna, mai koyon aikin jinya, wadda ba ta iya ɓoye magana a ciki ba, da Teun, wani dogo da sai ya wuni bai ce uffan ba. An sa ƙuri'ar ranar Asabar ƙarfe shida na yamma, an rubuta a allon kicin. Duk wanda ya taɓa neman ɗaki a Leiden ya san me wannan ke nufi. Galih ya sha yawon gidaje tara kafin ya samu wannan, kuma in ya suɓuce masa bai san inda zai ajiye jakarsa ba.

Mai hankali da ya san haka sai ya lallaɓa. Galih kuwa a makonsa na farko ya cinye cukun Teun, wanda aka rubuta wa suna ɓaro-ɓaro, ya ce a garinsu abin da ke cikin firij na kowa ne. A mako na biyu ya soya daddawar jatan-lande da sassafe har ƙararrawar gobara ta tashi gidan. Jadawalin wanke-wanke da ke manne a bango kuwa kallon ado yake yi masa.

Ranar Juma'a ya je shagon kayan miya na Ratri, 'yar wan mahaifiyarsa, wadda ta shekara goma sha huɗu a garin, kuma ita ta yi masa hanyar ɗakin. Ya same ta tana jera kwalaben yaji.

"Dik, ƙanena, saurara," ta ce ba tare da ta juyo ba. "Gobe ka wanke kwanuka, ka fitar da shara, ka ɗinke bakin nan naka har a gama ƙuri'a. Iyakar abin da nake roƙo ke nan."

"Haba Mbak, yayata, kwanuka? Ni da na tsallake duwatsun Alps?"

"A bas. Kana amai a leda."

"Wa ya faɗa miki?"

"Kai ka kira ni kana cewa in roƙa maka gafarar Bulik, mahaifiyarka, mutuwa za ka yi."

Galih ya ɗauki gyaɗa a kan tebur ya watsa a baki. "Ke dai ba ki san Turawa ba, Mbak. Ba ladabi ke burge su ba. Aiki suke so su gani, aikin maza."

"Shekara goma sha huɗu ina sayar musu da yaji, amma kai ka san su. To Allah ya ba da sa'a. Ajiye min gyaɗata."

Aikin mazan da yake nufi yana nan a zauren gidansu. Injin wankin gidan ya mutu, kakar Teun ta ba su nata, aka kawo aka dire a ƙasa. Matakalar gidan ba ta fi tsani faɗi ba, ko jaka ce sai ka karkace kake hawa da ita, don haka injin sai dai ta taga, da igiya da ƙugiyar nan da ke jikin azara a ƙololuwar kowane gida a layin. Fenna ta kira masu ɗaukar kaya, suka ce Talata ƙarfe tara da kwata. Kwana goma ke nan kowa na raɓawa ta gefen injin, Galih kuma yana girgiza kai. Ƙarti biyu, ga ƙugiya a saman gidansu, suna jiran Talata! Ya riga ya gama gani a ransa: su dawo daga kasuwa su tarar da injin a sama yana juya kaya, shi kuma yana zaune yana shan shayi kamar ba a yi komai ba.

Asabar ƙarfe tara da rabi Fenna da Teun suka fita a ƙafa, suka ce sai tsakar rana. Ƙofa na rufewa Galih ya faɗa gidan maƙwabci. Meneer Hoekstra, wato Malam Hoekstra, tsoho ne da ya shekara arba'in yana kwashe wa mutane kaya ta tagogi, yanzu ba shi da aiki sai zama a benci a ƙofar gida da kofin gahawa. Har yanzu igiyarsa da gargaren ƙarfen da ake ratayawa a ƙugiya suna nan a ɗakin ajiya.

"Ku nawa ne?" tsohon ya tambaya.

"Ni ɗaya, Meneer."

"Aikin mutum uku ne. Biyu a ƙasa, ɗaya a taga."

"A wurinku ke nan. Kakana a tashar jiragen ruwan Semarang shi kaɗai yake sauke buhu ɗari kafin azahar."

"Shi kakan naka yana hanya?"

"Ya rasu."

"To har yanzu mutum biyu kake nema. Ka auna tagar?"

"Na auna da ido."

Hoekstra ya dube shi daga sama har ƙasa, ya shiga ya fito da igiya da gargare ya zube a gabansa. "Igiyar nake so ta dawo yadda ta tafi. Kai kuma ruwanka." Daga nan ya ja bencinsa ya matsar da shi inda zai fi ganin gidan da kyau, ya ƙara gahawa.

Rataya gargaren kaɗai ya ci rabin awa da takalmi ƙafa ɗaya, wanda ya suɓuce daga tagar rufi ya faɗa ruwa. Galih ya sauko da ƙafa ɗaya a safa, ya tura injin waje da ƙyar yana nishi, ya naɗe shi da igiya ya yi ƙulli bakwai a kan juna. Sannan ya jingina wayarsa a jikin wata tukunyar fure, ya kira gida kai tsaye. A Semarang la'asar ta yi, mahaifiyarsa ta tara ƙannenta da maƙwabta biyu a tsakar gida.

"Bu, ku kalla da kyau," ya ce wa mahaifiyarsa yana naɗe hannun riga. "Yau zan koya wa mutanen nan yadda ake aiki."

"Ka yi bismillah dai, Le," in ji uwar. "Ina takalminka ɗaya?"

"Haka ake yi a nan, Bu."

Ya tofa yawu a tafi, ya kama igiya, ya ja. Injin ko gezau. Ya sake ja har jijiyoyin wuyansa suka fito. Ya yi tsalle ya ɗafe igiyar da dukkan nauyinsa, ya yi ta lilo ƙafafunsa na harbin iska, injin yana zaune daram. Ashe injin ya fi shi nauyi, abin da ko a mafarki bai lissafa ba.

"Ya tashi?" uwar ta tambaya daga cikin waya.

"Motsa jiki nake yi tukuna!"

Ana haka sai ga wasu zaratan 'yan mata uku, 'yan tseren kwale-kwale, sun taho da kayan atisaye. Galih ya tare su yana murmushi, ya ce ba wai ya kasa ba ne, so yake ya nuna musu wata dabara. Babbarsu ta dubi agogo.

"Minti bakwai muke da su. Sha ɗaya saura kwata muna ruwa."

Cikin minti huɗu suka kai injin har bakin tagar hawa na huɗu, suna ja suna hirarsu. Galih yana gefe ya juya wa wayar fuska, yana ɗaga hannu yana ihu, "Ja! Haka! Kamar yadda na nuna muku!" Ko yatsansa bai taɓa igiyar ba.

"Ina za mu ɗaure?" babbar ta ce.

"Ga turken fitila can," Hoekstra ya ce daga benci.

Da tsohon ya yi shiru da wataƙila Galih ya ga turken da kansa. Amma a ce a gaban uwarsa wani tsoho ne ke ba shi umarni? Ya waiga, idonsa ya faɗa kan kekuna huɗu na 'yan gidan, na Fenna, biyu na Teun, da nasa, an zarge su da wata ƙatuwar sarƙa a jikin bango.

"Nan. Kun ga sarƙar nan? Ko giwa ba ta tsinka ta."

"Ka tabbata?"

"Ni da na zaga ƙasa goma sha ɗaya?"

Suka ɗaga kafaɗa, suka ɗaure, suka wuce. Sarƙar kuwa gaskiya ce, ko giwa ba ta tsinka ta. Sai dai kekunan junansu ta ɗaure, ba ta kama komai a jikin bangon ba. Suka ɗan yi ƙara, ƙafar baya ta ɗaya ta ɗaga kaɗan daga ƙasa, suka tsaya a haka. Hoekstra ya buɗe baki zai yi magana, Galih ya ɗaga masa hannu, ya ruga sama.

A sama ya tarar da abin da ido ya auna masa. Tagar ta ɗagu rabi ta tsaya. Kowa a layin ya san sai an kwance katakon gefe an cire tagar ɗungurum kafin kaya su shiga, shi ya sa masu aikin ke zuwa da sukurudireba. Galih ya jawo injin ya buga a bakin tagar, ya juya shi ya sake bugawa. Saura kusan taƙi guda ya shiga. Ya yanke shawarar cewa daga waje tagar za ta fi jin turi. Ya fita ya tsaya a kan dakalin tagar, ya ɗora ƙafa ɗaya a kan injin don ya sami madogara, ya ji daidai, ya ɗora ta biyun.

Injin ya fara sauka da shi.

Da farko a hankali, har ya sami damar cewa "A'a, a'a, a'a." Ya zube ya rungume igiyar da hannu biyu, ya leƙa ƙasa, ya ga kekuna huɗu sun bar ƙasa suna tahowa wurinsa, ƙafafunsu na juyawa, ƙararrawarsu na kaɗawa. A daidai hawa na biyu suka haɗu. Kan keken Fenna ya shige cikin ƙullin igiya, feda ta maƙale a tiyon injin, sarƙar ta naɗe komai, aka yi wata ƙara mai ban tsoro, sannan komai ya tsaya cak. Galih na zaune a kan injin wanki tsakanin sama da ƙasa, sirdin keken Teun ya tokare masa haƙarƙari, ransa ya kusa fita don tsoro.

Sauran ruwan da ya kwana a cikin injin tun gidan kaka ya fara tsiyaya ta tiyo yana zuba a titi.

"Le!" muryar uwar ta taso daga tukunyar fure. "Innalillahi! Ruwan me ke zuba?"

"Na injin ne, Bu!"

"Rabi dai," in ji Hoekstra.

Tagar da ya tsaya a gabanta ta Mevrouw Doornbos ce, dattijuwar da ke zaune a hawa na biyun, kuma kamar kullum labulenta a buɗe yake. A ranar ne ta cika shekara saba'in. Baƙi goma sha biyu na zaune a da'ira a falo, kowa da faranti a cinya da yankan kek, kuma duka goma sha biyun suka juyo suna kallonsa suna tauna. Matar ta taso a natse, ta buɗe 'yar ƙaramar tagar sama.

"Ban gayyace ka ba."

"Mevrouw, don Allah ki buɗe babbar in shigo!"

"Kujera goma sha biyu na jera, kek ma yanka goma sha biyu. Da ka faɗa tun makon jiya."

"Faɗuwa zan yi!"

"Kuma ko murna ba ka taya ni ba. Wata biyu muna gida ɗaya."

"Ina taya ki murna, Mevrouw!"

"Ga ƙanwata nan."

"Ina taya ki murnar ranar haihuwar yayarki!"

"Ga mijinta."

Haka ya bi da'irar nan kaf bisa al'adar garin, mutum goma sha biyu, yana taya kowa murna da ƙarfi ta 'yar taga, kowa yana gyaɗa masa kai yana cewa na gode. Da ya gama, Mevrouw Doornbos ta duba babbar tagar, ta ce ai ko ta so ba za ta buɗu ba, ƙafar keke ta danne ta daga waje. Ta ce amma za ta kira 'yan kwana-kwana da zarar an gama zuba gahawa zagaye na biyu.

Kafin nan layin ya cushe. Titin siriri ne, ba wanda ke son bi ta ƙarƙashin injin wanki, don haka masu kekuna suka taru ta gefe biyu suna kaɗa ƙararrawa. Wata mata ta ce ya sa ta makara zuwa wurin likitan haƙori. Wani ya tambaya ko wasan kwaikwayo ne na ɗalibai, in haka ne ina takardar izini. Jirgin ruwan 'yan yawon buɗe ido da ke wucewa ya rage gudu, mai yi musu bayani ya bar zancen tsohon coci ya nuna sama da hannu, wayoyi kusan arba'in suka ɗago lokaci ɗaya. Galih, da yake hali ba ya barin mai shi, ya saki hannu ɗaya ya gyara gashinsa.

Sai ga Ratri ta kutso cikin taron da rigar shago a jikinta, tana haki. Daga Semarang aka kira ta.

"Dik! Me na ce maka jiya?"

"Mbak, komai yana tafiya yadda na tsara."

"Haka ka tsara? Kekunan ma?"

"Hutawa nake yi a tsakiya. Haka masu aikin ke yi."

"Shekara arba'in ina aikin nan," Hoekstra ya ce, "ban taɓa hutawa a nan ba."

"Kwanuka na ce ka wanke," Ratri ta ce. "Kwanuka, Dik! Ni na tsaya maka a gidan nan, na ce kai yaron kirki ne. Da wane ido zan kalle su?"

Ba ta jima tana tambaya ba. Taron ya dare, Fenna da Teun suka ɓullo, ita da kwalin kek a hannu, shi da jakar kasuwa. Suka tsaya suka ɗaga kai. Har masu ƙararrawa suka dakata.

"Kekena ne wancan?" Teun ya ce.

"Duka biyun," in ji Hoekstra.

"Injin kakata ne kuma."

"Shi ne."

Teun bai ƙara ba, ya riga ya ƙarar da maganarsa ta wunin.

Bakin Galih ya riga hankalinsa. "Fenna! Teun! Kun dawo da wuri. So na yi in ba ku mamaki."

"Ka ba mu," Fenna ta ce. "Kada ka motsa. Ka zauna yadda kake har 'yan kwana-kwana su zo da tsani."

Wannan ce shawara ta uku mai kyau da aka ba shi a ranar, kuma ta bi sauran. A ce masu tsani su sauko da shi a kafaɗa a gaban Fenna, gaban uwarsa, gaban jirgi guda na baƙi? Ya dubi inda kan keken ya maƙale, ya ga ai abu kaɗan ne.

"Ba sai an kira kowa ba. Ku kalla."

"Saurayi, kar ka..." Hoekstra ya miƙe tsaye, karo na farko tun da ya matsar da bencinsa.

Galih ya sa ƙafar nan mai safa ya yi wa keken Fenna harbi ɗaya. Ƙullin ya saki. Injin ya yi ƙasa da shi yana kururuwa, kekuna suka yi sama. Ya dira a kan duwatsun titi da wata irin ƙara, murfin gilashin ya ɓalle ya gangara ya faɗa ruwa, wani abu mai nauyi ya karye a cikin injin. A sama kuma kekuna huɗu suka daki azara, ƙafar ɗaya ta shige tagar hawa na huɗu, gilashi ya zubo kamar ƙanƙara, mutane suka watse suna kare kai.

Da ƙura ta lafa, Galih na nan zaune a kan injin, ko ƙwarzane babu. Ya shafa jikinsa, ya ga da ransa, ya buɗe hannuwa.

"Kun gani? Na sauko da kaina."

Ya yunƙura zai tashi. Injin ya ɗaga daga ƙasa, kekunan da ke reto a sama suka yi ƙasa taƙi biyu suna ƙara.

"Zauna!" Hoekstra ya daka masa tsawa. "In ka tashi, keke huɗu za su sauko a kan mutane. Nauyinka ne ke riƙe da su."

Galih ya koma ya zauna da sauri.

"Sai yaushe?"

"Sai masu tsani sun zo. Yau Asabar, ranar kasuwa, hanya a cushe take. Ka ba su awa guda."

"Wani ya zo ya karɓe ni mana."

Ba wanda ya motsa. Mevrouw Doornbos da baƙinta sun jeru a taga da farantansu. Ratri ta rufe fuska da hannu.

Fenna ta tako har gabansa, tana taka fasasshen gilashi. Ba ta ɗaga murya ba. Ta sa hannu a aljihu ta fito da makulli sabo fil, yana ƙyalli, an ɗaura masa ɗan jan zare. Sannan ta buɗe kwalin kek ɗin ta juya masa shi. An rubuta sunansa a kai da farin sukari, da barka da zama a ƙasa.

"Tun ranar Laraba muka gama magana ni da Teun," ta ce. "Ya ce soyayyar shinkafarka ta biya cukunsa. Ni kuma na ce surutu ne da kai kawai, amma ba ka da mugunta, wanke-wanke kuma za ka koya. Fitar da muka yi yau, makullinka muka je yankowa."

Galih ya dubi makullin. Duk cika bakin nan ya tsiyaye daga jikinsa. Ɗakin nan mai tagar da ke kallon ruwa, wanda ya sha wuya kafin ya samu, ashe kwana uku ke nan yana hannunsa bai sani ba.

"To ai... ai shi ke nan," ya ce da ƙaramar murya. "Tunda an riga an gama."

"Ba a gama ba. Ƙarfe shida ne ƙuri'a."

"To mu bari sai shidan. Mu ci abinci, a huce, a yi magana a tsanake."

Fenna ta juya. "Teun, kana da wani abu yanzu?"

Teun ya zaro wayarsa ya duba jadawalinsa da gaske, ya girgiza kai.

"To mu matso da ita. Wanda ke son Galih ya zauna a gidan nan ya ɗaga hannu."

Hannu ɗaya ne ya tashi a duk layin, na Galih.

"Kai ba ka da ƙuri'a," Fenna ta ce. Ta mayar da makullin aljihu. "Litinin da tsakar rana ka bar ɗakin a share. Ta matakala."

Ta miƙa wa Hoekstra kwalin kek ɗin, ta ce ya kai wa matarsa. Ita da Teun suka nufi ƙofa.

"Fenna, tsaya! Don Allah ki saurare ni, minti ɗaya!" Galih ya zabura ya miƙe zai bi ta. Injin ya ɗaga, kekuna suka yi kuka a sama.

"Zauna!" layin gaba ɗaya ya amsa, masu kekuna, da baƙin Mevrouw Doornbos, da Ratri, har da muryar uwarsa daga cikin tukunyar fure.

Ya zauna. Yana kallo suka shiga, suka rufe ƙofar gidan, ya ji ƙarar makulli daga ciki.